Yadda Na Gyara Zanen Malam Iro

Rigar farko da aka bar ni na taɓa da alƙalami ta wani mahauci ce daga Ƙofar Doka, farar shadda mai sauƙin kuɗi, aska biyu kawai yake so a ƙirji. Shekarata huɗu ke nan a zauren Malam Iro ina dama tawada, ina fiƙe kara, ina danne bakin yadi kada ya motsa. Ran nan ya shimfiɗa rigar a tabarma, ya ɗora mata dutse a kowace kusurwa, ya miƙo mini alƙalami, ya koma gefe yana cin goronsa kamar ba ya wurin. Na ja layin farko. Kafin in kai tsinin aska ta biyu, gumi ya ɗigo daga haɓata ya faɗa kan ɗanyar tawada, ta baje. Washegari Malam ya mai da ni kan damun tawada, sai da na ƙara wata shida a can.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku samarin da kuke shigo mini shago da laftof a goye, kuna cewa kun zo in nuna muku zanen gargajiya, kuna da sati biyu kafin a koma makaranta. Sati biyu. Ba na jin haushinku, don ni ma na taɓa ɗauka cewa zane layi ne kawai, kuma a lokacin da na ɗauka hakan na fi ku shekaru, na kuma fi ku sanin aiki. Shi ya sa ɓarnar da na yi ta fi wadda za ku iya yi.

Mu masu zanen riga ba ma ɗinki. Tela ya haɗa babbar riga, a kawo mana ita fara tas, mu zana mata abin da za a yi wa surfani: askoki a gefen aljihu, tambari, wato wannan babbar da'irar da ke zama a ƙirjin dama da kuma baya, da ƙananan gidaje da ke zagaye da su. Daga nan a kai wa masu allura su bi layinmu da zare, wata uku, wata huɗu, wani aikin har rabin shekara. In sun gama, zare ya rufe tawadarmu gaba ɗaya. Mai riga ya san telansa, wani lokaci ya san gidan da aka yi masa surfani, amma da wuya ya tambayi wanda ya zana. A cikin birni yawancin masu allurar Malam mata ne a gidajensu, a aika musu da riga, su aiko da ita in ta kammala.

Zanen da kowa ya sani, irin su aska biyu da aska takwas, da hannu muke yin su kai tsaye. Amma Malam yana da nasa na kansa, waɗanda ya ƙirƙira tun yana saurayi, su ne suka sa ake tasowa daga Kano da Ilori a zo zaurensa. Waɗannan a takarda suke, cikin wata tsohuwar gafakar fata, sun haura hamsin. Kowace takarda an huda layinta da allura, rami kusa da rami. A ɗora ta kan yadi, a goga mata shuni da aka ƙulle a tsumma, ɗige-ɗige su fito a ƙasa, sannan ka bi su da alƙalami. Shi yake zaɓo takardar, ya miƙo maka ya ce, "Wannan za ka ɗora." Kuma da yake malamin karatu ne kafin ya zama mai zane, babu takardar da bai rubuta Bisimillah a samanta ba.

Abin da ya dame ni da takardun nan tun ina yaro, babu da'ira ɗaya mai kyau a cikinsu. Kowane tambari a ɗan tauye yake, ya fi faɗi a kwance, wani da ƙusumbi ta wajen kafaɗa. Askokin ma duk sun ɗan kwanta zuwa gefe guda. Wasu zanen kuma sau biyu ko sau uku ya yi su, a kusurwa ya ɗiga jar tawada, wata ɗigo ɗaya, wata biyu, wata uku. A raina na yanke cewa hannun tsohon ne ke rawa, yana ta sake zanawa ko zai dace, bai dace ba. Kunya nake ji a madadinsa. Wata rana ina bin ɗige-ɗigen wani tambari, na ɗan shigo da cikinsa don ya zagaye sosai. Malam yana wucewa ya tsaya a kaina.

"Sani, wa ya aike ka?"

Na ce, "Malam, gani na yi ya ɗan fita."

Ya ce, "Je ka wanke. Ka zana abin da ka gani."

Iyakar bayanin da na samu ke nan a shekara goma sha tara. A zamaninmu yaro ba ya ce wa malaminsa don me. In ka tambaya ma ka nuna ba ka da tarbiyya, in shi ya yi maka bayani ya zubar da girmansa. Haka muka zauna ni da shi, yana zaton wata rana zan gane da kaina, ni ina zaton na riga na gane.

Kwamfutata ta farko ta hannu ce, na saye ta a Sabon Gari, mai ƙaton allo da ƙeya, sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ta. Ba don riga na saye ta ba. Aikin hannu ya fara ja baya, iyali sun ƙaru, na ga ana samu a katin ɗaurin aure da kalanda da takardar talla. Wani mutum a Tudun Jukun ya koya mini, ina zuwa wurinsa a keke bayan la'asar. Na sha wuya. Hannun da ya saba da kara ka ba shi maus, linzamin kwamfuta, sai ka ce an ba gurgu takalmi. Ga wuta, a kawo a ɗauke, kana tsakiyar aiki allo ya yi baƙi, aikin yini ya tafi. Na sayi ƙaramin janareta, maƙwabta suka dinga gaishe ni a tsaitsaye. Kwamfutar ta yi zafi in sa mata fanka ni in zauna cikin gumi. Duk wanda ya ce muku kwamfuta hutu ce, bai taɓa dogara da ita ya ci abinci ba.

Amma akwai abu ɗaya da ya sace mini zuciya. Ka yi kuskure, ka danna maɓalli biyu, kuskuren ya ɓace kamar ba a yi ba. Mutumin da ɗigon gumi ya taɓa ci wa wata shida, ku yi tunanin yadda zai ji. Ranar da na fara gani sai da na yi ta ɓatawa da gangan ina mayarwa. Sannan ga da'ira. Ka ja hannu kawai, ta fito cif, ba tauyi ba ƙusumbi.

Sau ɗaya Malam ya zo shagon. Ya tsufa a lokacin, da sanda yake tafiya. Na zaunar da shi, na zana masa da'ira a allo, na ƙara wata a cikinta, na ƙara wata, ina jiran ya yaba. Ya matso da fuskarsa ya duba da kyau.

Ya ce, "Ta yi kyau. Wannan abin naka ya taɓa sa riga?"

Na yi dariya na ce a'a. Ya ce, "To," ya nemi a ba shi sandarsa.

Bai kai azumin shekarar ba ya rasu. Da aka zo rabon gado, babban ɗansa Alhaji Tukur, ma'aikacin gwamnati ne da bai taɓa riƙe alƙalamin kara ba, ya kira ni zaure gaban 'yan'uwansa ya ɗora mini gafakar a cinya. Ya ce, "Baba ya ce kai za a ba. Amana ce, Malam Sani. Mu dai kada sunansa ya ɓata." Na karɓa da hannu biyu. Na mayar da ita inda take rataye a zauren, don a can nake aikin riga.

Daminar ta zo da ƙarfi, rufin zauren ya tsage ta gabas, ruwa ya bi bango. Kafin in farga gara ta shiga gafakar. Ranar da na buɗe, gefen takardun ya zama gari, wasu sun manne da juna, in ka ɗaga ɗaya sai ta bar rabinta a jikin ta ƙasa. Layukan zane dai suna nan, ana gani. Na kwashe su zuwa shago na ce ga ranar kwamfuta. Wata biyu na yi a kansu. Ba ni da na'urar ɗaukar hoton takarda a lokacin, sai in ajiye takarda a gefe, in auna ta da rula, in zana irinta a allo. In na auna tambari na ga faɗinsa ya ɗara tsawonsa, sai in raba bambancin, in ba kwamfuta ta fitar da da'ira sosai. Askokin na tsai da su ƙyam. Inda na tarar da zane guda sau uku, na haɗe su na fitar da ɗaya. Ina yi ina jin daɗi, ina cewa a raina yau na rufa wa Malam asiri, abin da hannunsa ya gaza na cika masa.

Na buga su a manyan takardu, na huda, na fara aiki da su. A wata guda na zana riguna tara, shida na wani Alhaji ɗan kasuwa da zai aurar da ɗansa bayan babbar salla, wanda tun kakansa a zauren Malam suke zane. Aka rarraba su gidajen masu allura.

Sauran tsofaffin takardun kuwa suka zame mini damuwa. Kullum sai na tarar da ɓarɓashinsu a ƙasa, iska ta kwasa ta kai bakin ƙofa inda ake takawa, akuyoyi na wucewa. Ga Bisimillah a kan kowace. Wata rana limamin unguwarmu ya sunkuya a ƙofar shagona ya tsinci wani guntu, ya duba, ya miƙo mini. Sunan Allah ne a jiki, rabi ya gutsure. Na je na sami Alhaji Tukur na gaya masa.

Ya ce, "Ka tabbata duk ka kwashe su a injin?"

Na ce, "Ko ɗigo ban bari ba, Alhaji. Sun ma fi na da kyau."

Ya ce, "To ai ka san abin da ake yi wa takarda mai sunan Allah in ta lalace. Kada mu ɗauki alhaki."

Bayan la'asar muka yi alwala mu biyu, muka haƙa rami a bayan gida inda ba a bi, muka jera su a ciki, na ƙyasta ashana da hannuna. Tsohuwar takarda ba ta gardama da wuta. Muka rufe tokar da ƙasa, muka yi wa Malam addu'a. Na koma gida da sanyin zuciya irin na wanda ya sauke nauyi, kuma har yau in an tambaye ni ba zan ce ƙonawar laifi ce ba. Abin da ya kamata a yi wa sunan Allah muka yi.

Bayan wata uku Gwaggo Dije ta aiko in zo. Bazawara ce a Ƙofar Galadima, ta haura saba'in, tun tana amarya take yi wa Malam surfani, kuma duk rigar da ta fi wuya ita ake kai wa. Ba ta taɓa kirana ba, aike ne tsakaninmu. Na tarar da ita a zaure, ɗaya daga rigunan Alhajin nan ɗan kasuwa tana ninke a cinyarta. Muka gaisa, ta yi mini ta'aziyyar Malam karo na biyu, sannan ta miƙo rigar.

Ta ce, "Sa ta."

Na ce, "Gwaggo, rigar mutane ce."

"Sa ta, ɗan nan. Ba a ƙasa ake duba riga ba."

Na zura ta, na naɗe hannuwan a kafaɗa, na sunkuyar da kai na duba ƙirjina. Tambarin ya tsuke ta gefe ya zazzago ƙasa, ya koma kamar ƙwai. Askokin da na tsai da ƙyam duk sun kauce suna kallon hammata. Ɗinkin kuwa babu abin kushewa, ko zare ɗaya bai bar layina ba.

Ta ce, "Tun ina tsakiya na ji a yatsana ba daidai ba, amma na ce ko tsufa ne. Wannan ba takardata ba ce. Ina tawa, mai ɗigo biyu?"

Na ce, "Taki?"

Ta dube ni yadda ake duban wanda ya girma bai iya alwala ba. Ta ce, "Ni hannuna da ja. In na soka allura ina janyo zare da ƙarfi, yadi ya tattaro. Malam ya sani, shi ya sa yake buɗa mini ciki ya ba ni wuri. Mai ɗigo ɗaya ta Hassi ce, ita hannunta sako-sako ne. Mai uku ta gidan Liman. Sannan riga in ta hau kafaɗa nauyinta yana jan ta ƙasa, balle ta sha bugu. Shi yana zanawa ne yadda in an ɗinke, an buge, an sa, sannan ta zagaye. Shekara nawa kana wurinsa?"

Na ce goma sha tara.

Ta ce, "To je ka ɗauko takardun a sake. Wannan dai ta tafi."

Ina tsaye da rigar mutane a jikina na gaya mata inda takardun suke. Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Allah ya jiƙan Malam," ta karɓi rigar ta ninke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ƙara jin irinta ba.

Sauran takwas ɗin haka suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin tata karkatar, gwargwadon hannun da ya ɗinka ta. Alhajin ya zo ya duba nasa shida, ya ɗaga ɗaya a rana, ya ajiye. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ashe da Malam aka binne aikin." A bikin ɗansa rigunan Kano suka sa. Magana ta zaga birni, kuma a birni magana ba ta bukatar keke. Shekarar nan ban ƙara zana rigar kirki ba sai aska biyu ta masu ƙaramin ƙarfi, katin biki ne ya riƙe gidana. Biyu daga cikin masu allurar Malam suka koma yi wa wani aiki. Alhaji Tukur bai taɓa tayar mini da zancen ba, muna haɗuwa a masallaci mu gaisa, na gwammace da ya zage ni.

Za ku ce me ya hana in nemo tsofaffin rigunan da Malam ya zana in auna. Na yi. Na bi gidaje ina roƙo a fito mini da su daga adaka. Kowace na shimfiɗa, na sa wa mai ita na duba, tambarinta a zagaye yake cif, irin wanda ke cikin kwamfutata. Rigar da aka gama tana nuna maka inda aka isa ne, ba ta nuna maka ta inda aka bi. Na gwada zanawa da ka, tunda hannuna ya bi ɗige-ɗigen nan shekara da shekaru. Na san a karkace suke. Amma ta ina, kuma da nawa? Abin da ka yi shekaru kana kallo a matsayin aibi, ba ka haddace shi, kawar da ido kake yi.

Gwaggo Dije ce ta ce mu gwada. In yi zato in zana tambari ɗaya a ƙyalle, a kai mata, ta ɗinke, a buge, in rataya a kafaɗata ta duba. "Ƙara masa ta nan kamar faɗin ƙwayar gero biyu." In koma in sake. Kowane gwaji sati uku ne ko huɗu, ba ta taɓa karɓar ko sisi a kai ba, ta ce ba ni take yi wa ba. Wani zanen sai a gwaji na shida yake zama. Ran da na farko ya zauna, ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "Yauwa, ga Malam." A shekara biyar muka dawo da huɗu. Daga nan yanar ido ta rufe ta, ta koma sai dai ta shafa ta faɗa, wata jikarta ta gwada ɗinkawa, amma hannun yarinyar daban ne, lissafin ya ƙi. Shekara biyu bayan haka aka yi wa Gwaggo sutura.

Su kuwa zanen da na gyara, suna nan lafiya. Na canja kwamfuta sau huɗu, kowane karo ina kwashe su da hattara, ko ɗaya bai ɓata ba. Da injinan surfani suka shigo, waɗanda kwamfuta ke tuƙawa, sai ga su sun yi daidai da su, domin inji yana ɗaure yadi ya sa masa tauri ta baya, ba ya ja, ba ya saki. Masu injin suka zo suka saya, suka kwafa wa juna, yau in kun shiga kasuwa za ku gan su rataye reras, a gama riga a yini guda. Zanen Malam Iro ake ce musu. Da su nake ci, da su na aurar da 'ya'yana, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in na ji an kira su da sunansa nakan sami abin da zan duba a ƙasa.

Huɗun nan da muka dawo da su na zana su a takarda da alƙalamin kara, na huda, na rubuta Bisimillah a sama, na ɗiga jar tawada sau biyu a kusurwa. Suna cikin gafakar, na sa mata leda saboda gara. Ba a aiki da su, domin hannun da aka auna su da shi yana maƙabarta. Na gaya wa 'ya'yana ko sun zama gari kada wanda ya kai musu ashana, a zuba garin a kwalba.

Duk wanda ya zo koyo a cikinku, kafin ya buɗe laftof ɗinsa, ɗaya daga cikin takardun nan nake fara miƙa masa in ce ya duba ya gaya mini abin da ya gani. Ina jiran ranar da wani zai tambaye ni don me. Har yanzu ba a yi ba. Kowa sai ya juya ta, ya ɗan yi murmushi don kada in ji kunya, ya ce, "Baba, a karkace take, amma minti biyu ne in gyara maka."